Tafkin da Na Sa Aka Cike

Kun tashi kuna jin ana kirana matar da ta kori kada daga Zongo. A wajen suna da wajen biki an sha nuna ni, ana cewa ga wadda ta tsaya sai da aka cike tafkin nan, ni kuma in sunkuyar da kai, mutane su ɗauka kunyar yabo nake ji. Yanzu da ƙafafuna suka daina kai ni kasuwa, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina da sauran hankalina, domin, in ban da abin da Nafisa ta gani da idonta, rabin labarin aka ba ku, rabin da ya fi daɗin ji.

Gidanmu na lokacin shi ne na ƙarshe a layin, daga shi sai lambu. Filin hukuma ne, an dasa masa dogon yaro da mangwaro, an jera 'yan kujerun siminti, yara suna wasa a ciki, tsofaffi suna shan iska bayan la'asar. Ƙasar wajen gangare ce. Duk ruwan da ya sauka a layukanmu, ta ƙofar gidanmu yake bi ya faɗa lambun, ya taru a wani tafki da ke can ƙarshensa, daga tafkin kuma wata siririyar hanyar ruwa ta ratsa ciyawa ta nufi fadamar kogi. Tafkin bai kai filin ƙwallo ba. Bado ya rufe rabinsa, akwai tarwaɗa da karfasa a ciki, kwaɗi kuwa in damina ta sauka sai mun ɗaga murya muke jin juna. Rijiyarmu ba ta taɓa ƙafewa ba, haka ta maƙwabta, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Babanku yana tuƙa babbar mota daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa, sai ya yi mako biyu ba mu gan shi ba. Ni ina sayar da gwanjo a kasuwar Hedzranawoe. Nafisa tana aji na ƙarshe a lise, wato babbar sakandare a tsarin karatun Faransanci, Bintu tana da shekara biyar.

Mai kula da lambun wani dattijo ne, mutumin Ewe, kowa yana kiransa Fo Komla. Yana da bukkar kwano a gindin mangwaro, nan yake ajiye kayan aikinsa, nan kuma yake renon dashen itatuwa a cikin leda. Ya iya Hausa irin ta zama da mutane, yana jan ta a hankali. Ni yana kirana Nafisa-no, kamar yadda suke kiran mace da sunan ɗanta na fari. Tsakaninmu gaisuwa ce da ɗan abin da ba a rasa ba; in na yi waina in aika masa, in mangwaro ya nuna ya kawo wa yara.

Wata Lahadi a ƙarshen rani, ina wanki a tsakar gida, sai na lura shirun ya yi yawa. Na kira Bintu, ba ta amsa ba. Na leƙa ɗaki, na leƙa zaure, na ga ƙofa a buɗe. Na fita da kumfa a hannuna. Can na hango ta a bakin tafkin, ta tsuguna tana wanke wani kofin roba, tana 'yar waƙarta. Gabanta, bai fi taku uku ba, ga wani gungumen itace rabinsa a ruwa rabinsa a laka. Na buɗe baki zan kira ta ke nan, sai gungumen ya lumshe ido ya buɗe. Ƙafafuna suka ƙi ɗagawa, kamar an dasa ni. Ina tsaye ina kallon wuyan 'yata, ina kallon idon nan, ban san tsawon lokacin ba. Sai na ga Fo Komla ya fito daga gefe, ba gudu ba hayaniya, ya sunkuya ya ɗauke ta kamar yadda ake ɗaukar tulu, ya juyo yana yi mata magana. Abin ya sulale cikin ruwa, ko ƙara bai yi ba.

"Nafisa-no, zauna tukuna," ya ce da ni.

"Ka san da shi?"

"Na sani. Ya riga ki zuwa unguwar nan. Ni ma ya riga ni."

"Shi ne ba ka faɗa ba?"

"Tsofaffin layin sun sani. Kifi yake ci, ban taɓa ganin ya taɓa ko ɗan akuya ba. Amma laifina ne, shingen can ya faɗi ban gyara ba. Yau zan gyara."

Ya gyara kuwa, kafin magariba ya kafa sabbin itatuwa ya ja waya. Ni dai shinge bai shiga tsakanina da abin da na gani ba. Daga ranar na fara tafiya da Bintu kasuwa, in zaunar da ita a kan dilar kaya, hannuna ɗaya a kan zanenta ko ina ciniki. Na samo bulo na toshe rariyar da ke fitar da ruwa daga tsakar gidanmu, don ta lambu take fita. Ko igiya na gani a ƙasa sai in yi tsalle in ja da baya. Abinci ya fita raina, in na rufe ido a sallah sai in ga wannan lumshewar. Sai na fara bi gida-gida ina ba mata labari, kuma a nan ne na fara ɓata gaskiya. A gida na farko na ce taku uku ne tsakaninsu. A na biyar na ce ya buɗe baki. Bai buɗe ba. Kafin mako ya zagayo kadan ya kai tsawon mota, kuma duk wadda ta taɓa rasa kaza ta gano wanda ya cinye ta. Muka tsayar da magana a kan a cike tafkin.

Mutum huɗu suka ce in dakata. Ta farko Iya Hauwa ce, tsohuwar da ɗakinta na ƙasa yake manne da katangarmu ta ɓangaren lambu. Ɓarin jikinta ɗaya ya mutu, ɗanta yana aiki a tashar jirgin ruwa, sai dare yake dawowa, ni nake leƙa ta da rana in ina gida.

"Rabi," ta ce, "ki bar tafkin nan. Ni na ga wurin nan kafin a yi gidanku. Ba a banza yake ba."

Na ce mata to, a raina ina cewa tsufa ne. Ta biyu Nafisa ce. Ta same ni ina tsintar wake, ta zauna a gabana, ta ce malaminsu ya nuna musu wata dabba ta ƙasashen sanyi, wai kasto, kamar gafiya amma ta fi ta girma, wutsiyarta faffaɗa. Ta ce da haƙora take sare itatuwa ta tare ƙorama, ta yi tafki, har a lambunan da ke cikin gari. Da farko mutane suna kashe ta suna fasa abin da ta gina, don tana ɓata musu itatuwa. Daga baya suka ga inda tafkunanta suke ruwa ba ya yi wa gidaje ɓarna sosai, rani kuma ba ya busar da ƙasa, tsuntsaye da kifi suna taruwa. Sai suka koma naɗe gindin itatuwa da waya, suka ƙyale ta.

"Ita wannan dabbar tana cin yara?" na tambaye ta.

"A'a, Mama. Amma ba dabbar nake nufi ba, tafkin nake nufi."

"In kin haifi taki, ki kai ta bakin tafki."

Ta fara ba ni amsa, Faransanci ya ƙwace mata kamar yadda yake yi in ranta ya ɓaci, na ce ta tashi ta ba ni wuri. Na uku babanku ne, a waya. Ya ce in bari ya dawo, ya tambaye ni in an cike, ruwan ina zai je. Na ce masa shi yana kan hanya, ni ce na ga idon. Ya ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Na huɗu Fo Komla ne da kansa. Ya zo ƙofar gidanmu, ya cire hularsa, abin da bai saba ba.

"Nafisa-no, ki saurare ni sau ɗaya. Tafkin nan shi yake shanye ruwan layinku. Wannan da kike tsoro, shi yake hawa da sauka ta hanyar can, cikinsa ne yake kwantar da ciyawa, shi ya sa hanyar ba ta toshewa. Da rani yakan tona ƙasan tafkin ya kwanta, shi ya sa bai cike da laka ba. Kifin ciki suna cin 'ya'yan sauro. Rijiyarki daga nan take sha. In kina so a ɗauke shi, zan ɗauke shi, ni zan riƙa share hanyar da hannuna. Amma kada ki cike. In kika cike, ruwa zai nemi wurin kwana a ɗakunanku."

Na ce masa in an ɗauke wannan wani zai zo, muddin ruwa yana nan. Ban ma bari ya mayar da hularsa ba na shige gida.

Mai unguwa ya ce filin hukuma ne, mu bari a kai magana sama. Ba mu bari ba. Mijin ɗaya daga cikinmu direban tifa ne, yana kwasar ɓaraguzan wani bene da aka rushe, yana neman inda zai zuba. Ranar da tifa ta farko ta tsaya a ƙofar lambu, mata sun fi talatin a bayana. Fo Komla ya roƙi kwana biyu. Ya kira 'yan uwansa biyu, suka zo da igiya da raga, unguwa ta taru tana kallo daga bayan shinge. Da suka jawo kadan bakin ruwa, Fo Komla ya rufe masa ido da buhu, ya durƙusa kusa da kansa yana yi masa magana a hankali da yarensu, kamar yadda ake rarrashin doki, har ya daina dukan ƙasa da wutsiya. Tsawonsa bai wuce na tabarma ba. Na ji kunya, na duba ko wata za ta ce ai ba haka kika ce ba. Ba wadda ta ce. Suka ɗora shi a amalanke suka nufi kogi. Kwana goma tifa tana zuwa tana juyewa, siminti da duwatsu da guntayen ƙarfe, har wurin ya yi daidai da ƙasa. Ranar ƙarshe mata suka yi guɗa, wata ta ɗaga hannuna sama. Ranar na ci abinci na ƙoshi.

Ruwan farko na babbar damina ya kwanta a lambun kwana biyu kafin ƙasa ta shanye. Na biyu ya shigo zaurenmu ya jiƙa tabarmi. Fo Komla ya ɗauki shebur ya fara haƙa 'yar hanya ta gefen ɓaraguzan, shi kaɗai, amma shebur ba ya shiga siminti. Ina wucewa ina ganinsa, ina kau da kai.

Wata Talata aka fara ruwa tun da hantsi, irin wanda ba iska ba tsawa, zuba kawai. Ban je kasuwa ba, Nafisa ma ba ta fita ba, babanku yana hanya. Zuwa azahar tsakar gida ta cika. Nafisa ta shiga ruwan ta cire bulon da na toshe rariya da shi, maimakon namu ya fita sai na waje ya shigo, ja, mai sanyi, da leda da tarkace a kansa. Kafin in goya Bintu ya kai gwiwa. Ƙofar gida sai da muka haɗu mu biyu muka ja ta. Da muka fito, layinmu ya zama kogi, mutane can gaba suna hawa tudu zuwa makaranta, kaya a kai. Ruwa ya kai mini ƙugu, ba na ganin ƙafata. Kuma zan gaya muku gaskiya, ba ruwan nake tsoro ba. Na sa a raina kogi ya cika ya dawo da kadan, yana nan ƙarƙashin wannan jan ruwan, ya san ni. Wani abu ya goge ni a cinya, saura kaɗan in faɗi da goyo. A daidai nan na ji murya daga bayanmu.

"Rabi. Rabi, ruwa ya hau gadona."

Iya Hauwa ce. Ƙofarta ba ta fi taku goma daga inda muke ba, amma ta ɓangaren lambu take, inda ruwan ya fi zurfi, inda yake juyawa. Nafisa ta juya za ta koma. Na damƙe wuyan hannunta, sai da farcena ya shiga.

"Mama, Iya ce."

"Wuce."

"Ba ta iya tashi."

"Na ce wuce. Maza za su zo."

Babu namiji ko ɗaya a layin, duk suna wajen aiki, kuma na sani. Na ɗaga murya na ce, "Iya, muna zuwa." Na ja 'yata muka hau tudu.

Muna barandar makaranta, jiƙe, muna rawar sanyi, ina kallon hanyar da muka biyo. Nafisa ta zauna nesa da ni ta haɗa kai da gwiwa. Wajen la'asar sai ga Fo Komla, ruwa har ƙirji, yana tura ƙyauren bukkarsa a kan ruwa, Iya Hauwa tana kwance a kai. Katangar ɗakinta ta jiƙe ta faɗo mata a ƙafa kafin ya isa. Aka kama aka ɗora ta a baranda, shi kuma ya juya da ƙyauren, ya koma sau uku, ya fito da wata mai jego da jaririnta, da wasu tsofaffi biyu. Na matsa kusa da Iya don mutane suna kallo. Ta buɗe ido ta gan ni.

"Kin fito da yaran?" ta ce. "Alhamdu lillahi."

Aka kai ta asibiti. Kwana uku ta yi, Allah ya karɓi abinsa.

Mun fi mako a azuzuwan makarantar nan, gida biyar a ɗaki ɗaya. Kowa ya rasa wani abu, katifa, buhun masara, keken ɗinki, takardun yara. Mutanen da suka rasa abu suna zaune ba aikin yi, dole su nemi wanda za su ɗora wa. Ina kwance ina jira a ce Rabi. Duk wadda ta kalle ni sai in sunkuyar da kai. Na tuna yadda na ga an yi wa wata mata a kasuwa da aka ce ta yi sata, na tuna babanku ba ya nan, ga 'ya'ya mata biyu. Sai wata rana da safe, muna layin koko, wata ta ce, "Kun ga yadda mai lambun nan yake magana da kadan? Wannan ba banza ba." Wata ta karɓa, ta ce ai da bakinsa ya faɗa, ya ce ruwa zai kwana a ɗakunanmu. Suka juyo gare ni.

"Rabi, ke ya faɗa wa, ko ba haka ba?"

"Ya faɗa," na ce.

Kalma biyu ce, kuma gaskiya ce, amma ban taɓa yin ƙaryar da ta kai ta ba. Na ji wani abu mai nauyi ya sauka daga kaina, kuma na san kan wanda ya koma. Liman ya ji maganar, ya tara mutane ya ce zargi ba hujja zunubi ne, ya tuna musu wanda ya fito da Iya. Aka saurare shi da ladabi, aka fita aka ci gaba. Har ceton da ya yi suka juya, suka ce wanda ya kira ruwa ne kaɗai zai shiga cikinsa haka ba tsoro.

Da ruwa ya janye, wata rana da hantsi maza suka nufi lambu, mata muna biye. Suka tattake dashen da ya rage, suka ja bukkar ta faɗi. Fo Komla yana tsaye, bai gudu ba. Wani ya jefo dutse ya same shi a saman ido, jini ya rufe masa rabin fuska. Ya bi mutane da ɗayan idon har ya same ni.

"Nafisa-no," ya ce, "ke kin san abin da na ce miki."

Na ja gyalena na rufe fuska. Da na buɗe, ya ɗauki garwar ban-ruwansa yana fita ta ƙofar lambu, mutane suna darewa suna ba shi hanya.

Babanku ya dawo bayan kwana biyu. Nafisa ta gaya masa komai, har na Iya. Ya same ni ina kankare laka daga tukwane.

"Rabi, ba zan tona miki asiri a waje ba," ya ce. "Amma wannan ba zan iya ɗauke miki ba."

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Nafisa kuwa ta yi watanni daga gaisuwa ba ta ƙara mini komai, da ta shiga jami'a ta koma wajen gwaggonta a unguwar Tokoin, ta ce ya fi kusa. Shekarar da ta biyo hukuma ta kawo mota mai haƙa, aka kwashe duk ɓaraguzan da na sa aka zuba, aka yi babban rami a daidai inda tafkin yake, aka shafe shi da siminti aka kewaye da waya. Ruwa ya rage shiga gidaje. Amma ruwan ramin kore ne, ba kifi ba bado, sauro ne kawai, kuma rijiyoyin layinmu suka fara ƙafewa da rani, don siminti ba ya barin ƙasa ta sha. Abin mamaki, mutane suka haɗa aikin hukuma da nawa, suka ce Rabi ce ta fara gyara wurin. Yabo ya ƙaru. Ni kuma na karɓa, shekara da shekaru, ina tsoron duk baƙon da ya yi sallama da harshen Ewe a ƙofar rumfata.

Bayan rasuwar babanku wata mai sayen kaya ta ce mini ta ga tsohon mai lambunmu a unguwar Bè, kusa da bakin ruwa, yana sayar da dashen itatuwa tare da 'yarsa. Na yi wata guda ina shiri ina fasawa. Ranar da na hau babur na tafi, ban gaya wa kowa ba. Na same shi a kan benci tsakanin ledojin dashe, ya rame, idon da dutse ya sama ya yi fari. Muryata ya gane. 'Yarsa, Afi, ta kawo mini ruwa a kofi kafin a yi wata magana, kamar yadda suke yi wa baƙo. Na sha, na zauna a ƙasa, na faɗi komai, tun daga bakin da kada bai buɗe ba har zuwa kiran da Iya ta yi mini. Bai katse ni ba.

"Wannan da kika faɗa, ni na riga na sani," ya ce. "Kin faɗa a Zongo?"

"A'a."

"To ba ni ne mai bukatar ji ba. Ni na san ban kira ruwa ba. Amma labarin ya biyo ni har nan. Jikokina ana ce musu an kori kakansu don ya kashe tsohuwa."

Na ce zan faɗa. Na yi masa alkawari a gaban 'yarsa. Na dawo gida da niyya, na kai ƙofar mai unguwa sau biyu, ƙafata ta juya da kanta. Kullum in ce bayan azumi, bayan bikin Bintu, bayan na dawo daga Makka. Shekara huɗu na yi haka. Sai Afi ta aiko wata 'yar kasuwa ta gaya mini babanta ya rasu. Saƙon ke nan, ba ta ƙara komai ba.

Asabar ɗin da ta biyo, a wajen karatun mata, bayan an shafa addu'a ana shirin raba abinci, na dafa bango na miƙe. Na ce ina da magana a kan Fo Komla da shekarar ruwa. Na faɗa duka, ban rage ba. Na gama na rufe ido, ina jiran abin da na yi shekaru ina gudu. Sai wata amarya daga baya ta ce, "Hajiya, wane ne Komla?" Na duba fuskokinsu, yawanci ba su zo unguwar ba sai bayan an yi ramin siminti. Mazan da suka ja bukkar wasu sun mutu, wasu sun tashi. Wadda ta fara maganar a layin koko tana nan zaune, ta tsufa kamar ni. Ta ja gefen zanena ta ce, "Rabi, wannan tsohon zance, zauna. Shinkafa za ta huce." Aka ci gaba da miƙa faranti.

Afi tana nan a wurin babanta, layi na biyu in kun sauka a bakin ruwa, za ku ga ledojin dashe a ƙofa. Ni ƙafafuna ba za su kai ni ba, kuma ban san ko tana son ganina ba. Ku je ku biyu, Nafisa da Bintu, da 'ya'yanku. Ku gaishe ta, ku faɗa mata 'ya'yan wace ce ku, ku roƙe ta ta kira jikokinsa, ku karanta musu wannan, ku juya musu da Faransanci in ba su ji Hausa ba. In ta kawo muku ruwa, ku sha. In ba ta kawo ba, kada ranku ya ɓaci, ku gama karantawa a tsaye.